Jirgin Da Ba Shi Da Inji, Da Yaron Da Bai Kai Bama Ba

Duk shekara idan Babbar Sallah ta rage kwana uku, akwai wani dattijo a unguwarmu, nan Zangon Hausawa na Tamale, da kan sa a soya masa ƙosai tasa guda, a dama koko, sa'an nan ya fito ƙofar gida ya kira yara da almajirai. Ba mai miƙa hannu sai an yi Fatiha, an karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, an bai wa wani mamaci ladan. Mu dai a lokacin, farkon shekarun 1980 ke nan, ƙosan ne ya dame mu. Wane ne mamacin, a ina ya mutu, me ya kashe shi, ba mu tambaya ba sai da muka fara wayo.

Baba Boma muke ce masa, don kuwa tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, ƙasar da tun 1989 ake kira Myanmar. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Bayan an sallame su ya biyo fataken shanu ya iso nan, ya yi aure, ya kama aikin gadi a wani kanti kusa da kasuwar Aboabo. Yana da labaru iri-iri, amma akwai guda ɗaya da in ya ɗauko mukan riƙa ƙyafta wa juna ido. Wai a Indiya ya ga jirgin sama wanda ba shi da inji, ba shi da farfela. An yi shi da siraran ƙarafa da katako, an lulluɓe da zane, a zuba masa soja goma sha uku, ko mota, ko alfadarai, a ɗaura masa igiya, wani jirgin ya ja shi sama kamar yadda ake jan akuya zuwa kasuwa. In an kai inda za a, sai a saki igiyar.

Wata rana na ce, "Baba, to in an saki igiyar fa?"

Ya ce, "Sai ƙasa, ɗana. Jirgin nan sau ɗaya yake gwada sauka. In matuƙi ya kuskure fili, babu sake zagayowa."

Mukan bari sai mun sha kwana mu fashe da dariya, mu ce tsohon soja ya fara. Allah Ya gafarta mana. Har ya rasu ban gane cewa ko kalma ɗaya bai ƙara ba.

Mai karatu, jirgin nan sunansa gilaida. Wanda Baba ya gani ƙirar Amurka ne, Waco CG-4A, an kuwa ƙera irinsa kusan 14,000 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawon fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan ya ɗan haura ƙafa 83. Yana ɗaukar matuƙa biyu da soja 13 da makamansu, ko kuwa a ɗaga hancinsa sama a tura ƙaramar motar jif ciki. Jirgin dakon kaya na Dakota ne ke jansa da igiyar nailan mai tsawon ƙafa 350. Amfaninsa biyu ne. Ba ya ƙara, saboda haka yakan sauka da dare abokan gaba ba su ji ba. Kuma yakan ajiye mutane wuri guda tare da kayansu masu nauyi, ba kamar masu dira da laima ba, waɗanda iska kan warwatsa. Jamus ce ta fara nuna wa duniya haka ranar 10 ga Mayu 1940, lokacin da sojojinta da ba su kai ɗari ba suka sauka da gilaida a kan ganuwar Eben-Emael ta Beljiyam suka kashe bakin manyan igwoginta. Daga nan Ingila da Amurka suka ce su ma sai sun yi.

Sai dai kowa ya ɗauko da zafi bakinsa. A watan Yuli 1943, wajen shiga tsibirin Sisili, an saki gilaidoji da yawa tun suna nesa da gaɓa, suka faɗa teku, soja fiye da 250 suka nutse ba su ko ga abokan gaba ba. Wajen koyo ma ba a tsira ba. Igiya kan tsinke, jirgin da ake ja kan yi sama ko ƙasa fiye da kima ya finciki wutsiyar mai jansa, fiffike kan taɓa itace. Wanda ke ciki ba shi da laimar dira, jikin jirgin kuwa ko wuƙa tana huda shi.

Ba abin mamaki ba ne in wasu dattawanmu na kudu suka ce sun san irin jirgin nan, domin daga 1962 zuwa 1966 an yi makarantar koyon tuƙa gilaida a Afienya, kusa da Tema. Wata Bajamushiya, Hanna Reitsch, ita ta riƙe ta bisa gayyatar Kwame Nkrumah, ita ce kuma matar da ta yi wa sojojin Hitila gwajin jirage lokacin yaƙin. Duniya ke nan. Amma waɗancan ƙanana ne na wasa da iska, ba na dakon soja ba.

To, yaya aka yi ɗan ƙauyen Katsina ya je ya ga wannan abu a Indiya?

Tun kafin yaƙin Hitila, sojan Ingila na Afirka ta Yamma daga Arewa yake ɗibar mutane, a Nijeriya da nan Gwalkwas duka, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Badagombe da Bagurunshe da Bamoshe da Bazabarme, kowa ya shiga soja sai ya koye ta, Baturen hafsa ma haka. Taken rundunar Gwalkwas kanta da Hausa aka rubuta shi: Kullum Shiri. Da yaƙi ya yi zafi aka riƙa aika wa sarakuna adadin mutanen da za su kawo. Wasu sun tafi da son ransu, don albashi da kaki, wasu kuwa mai gari ne ya nuna su da yatsa. Mutanen Gwalkwas da suka sa kaki a wannan yaƙi sun kai kimanin 65,000. A cikin 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, don a kai su yaƙar Japan. Ta 81 ce ta fara tafiya. Suka shiga jiragen ruwa, suka zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu, suka sauka Bombay.

Baba ya ce su biyu suka bar ƙauyensu rana ɗaya, shi da abokinsa na ƙuruciya, wanda tare aka yi musu kaciya. Abokin ne ma ya ja shi. A Zariya aka ɗauke su, suka yi kurtu tare, aka sa su bataliya ɗaya. Da aka isa Indiya, sai aka ware birged ɗinsu, ta 3, mai bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka miƙa wa wani Janar mai gemu da ake kira Orde Wingate. Shi wannan Wingate dabararsa ita ce a jefa sojoji can bayan Japanawa, cikin ƙurmi, su yanke musu hanyar jirgin ƙasa da ta mota, a riƙa jefo musu abinci da harsashi daga sama. Chindit ake ce wa mutanensa, sunan da aka ɗauko daga wani gunkin zaki mai gadin ƙofar ɗakunan bauta na Bama.

Rawar dajin Wingate ta yi suna wajen tsanani. A dazuzzukan tsakiyar Indiya, wajen Jhansi, aka yi ta. Mutum na ɗauke da kayan da ya kai laba 60 ko 70, ya wuni yana tafiya, ya kwana a ƙasa, abinci ɗan kaɗan. Abin da ya fi ba 'yan Arewa tsoro shi ne ƙetare kogi, don da yawansu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Baba ya ce da asuba ne, ana sanyi, aka ja igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka ce kowa ya bi ta da kayansa a baya. Abokin nasa na gabansa da mutum biyu. Wani alfadari ya firgita a tsakiyar ruwa, igiya ta yi sako-sako, yaron ya saki hannu. Kayan da ke bayansa ne suka ja shi ƙasa. Sai da rana ta yi tsaka aka samo shi. Limamin bataliya ya yi masa salla, aka rufe shi a gindin wani itace da Baba bai san sunansa ba, aka busa bigila, aka ci gaba da rawar daji. Kwana uku bayan haka aka yi Layya. A wannan shekara, 1943, Sallar ta faɗo ne a farkon watan Disamba.

"Ko Bajafane ɗaya bai gani ba," in ji Baba. "Da na koma gida uwarsa ta tambaye ni, yaƙi ne ya ci shi? Na ce mata i, Inna, yaƙi ne."

Ni a ganina bai yi mata ƙarya ba.

A cikin wannan lokaci ne Amurkawa suka iso da jiragensu, ƙarƙashin Kanar Philip Cochran da Kanar John Alison. A watan Janairu 1944 aka yi babban gwaji a Lalitpur, aka zuba sojoji da alfadarai a gilaida, aka ga alfadaran sun fi wasu mutanen natsuwa. Da yake jiragen ja ba su da yawa, sai aka yanke shawarar kowace Dakota ta ja gilaida biyu lokaci guda, ɗaya da gajeriyar igiya, ɗaya da doguwa, kuma da dare, ba fitila. Ranar 15 ga Fabrairu 1944, ana cikin koyon wannan ja na biyu-biyu, aka yi haɗari. Mutum bakwai suka mutu, sojan Ingila huɗu, Amurkawa uku.

Amurkawan suka shiga damuwa, suna zaton daga yau babu sojan da zai sake yarda ya shiga jirginsu. Sai ga saƙo daga shugaban sojojin da aka kashe wa mutane, yana cewa su kwantar da hankalinsu, mutanensa za su bi matuƙan nan ko'ina, ko yaushe. Maganar nan ba ta faɗi ƙasa ba. Daga cikinta aka ciro taken da rundunar sama ta musamman ta Amurka ta ɗauka, aka rubuta littattafai da ita. Saboda haka duk wanda ya karanta tarihin wannan runduna sai ya ci karo da mutum bakwai ɗin nan. Sun mutu a wajen koyo, kamar yadda yaron Katsina ya mutu wata biyu kafin su, amma su an sami wanda ya rubuta.

Ranar Lahadi 5 ga Maris 1944 aka tashi yin abin da aka daɗe ana koyo. An jera gilaidoji a filin Lalaghat da ke Assam, Baba ya ce suna cikin waɗanda suka yi ta lodi tun da rana. An shirya sauka a filaye biyu cikin ƙurmi, fiye da mil 150 bayan Japanawa, Turawa sun sa musu sunayen titunan manyan biranensu, Broadway da Piccadilly. Saura kaɗan a tashi sai ga hoton da wani jirgi ya ɗauko: an shimfiɗa manyan gungumen itace a Piccadilly, ba wurin sauka. Janar Slim da Wingate da Birgediya Calvert suka tsaya a bakin fili suka yi shawara, aka ce kowa ya nufi Broadway.

Gilaida fiye da hamsin suka tashi a daren, talatin da 'yan kai suka isa. An yi musu lodi fiye da kima, ga duwatsu masu tsawon ƙafa dubu bakwai ko fi da za a haye. Igiyoyi suka yi ta tsinkewa, wasu suka sauka cikin Indiya, wasu a tsakiyar abokan gaba. Waɗanda suka kai Broadway suka tarar da ramuka da kwarin da giwaye suka yi wajen jan katako, ciyawa ta rufe. Na farko suka karye ƙafafu suka tsaya a kan hanya, na baya suka zo cikin duhu suka hau kansu, tun da ba halin juyawa. Kimanin mutum talatin suka mutu a wurin ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Calvert ya aika kalmar sirri ta cewa abu ya ɓaci, a tsai da sauran. Gari na wayewa ya ga ƙaramar katafila ta tsira, injiniyoyi sun ce za su iya share fili kafin dare, sai ya sake aika ɗaya kalmar, ta nasara. Abin dariya, kalmar nasarar sunan tsiren naman alade ce irin na Turawa. Da Baba ya sani da ya yi tsaki.

Da daren nan Dakota ta fara sauka a Broadway. Cikin mako guda an kai soja kimanin 9,000 da alfadarai fiye da dubu. Su alfadaran ma an yi musu aiki a maƙogwaro tun a Indiya don kada su yi kuka su tona asiri.

Su Baba da Dakota aka kai su, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, wani sansani da ake kira Aberdeen. A daidai lokacin ne Wingate kansa ya mutu, ranar 24 ga Maris, jirginsa ya daki dutse a yankin Manipur. Daga Aberdeen suka taka zuwa White City, wani tudu kusa da Mawlu da aka tare hanyar jirgin ƙasa mai zuwa Myitkyina. Sunan ya samo asali ne daga fararen laimomin jefo kaya da suka maƙale a itatuwa. A watan Afrilu Japanawa suka yi ta kawo hari dare bayan dare, suna mutuwa a kan waya mai ƙaya, har wari ya hana mutane cin abinci, wurin bai faɗi ba. A watan Mayu aka bar shi da gangan aka yi arewa cikin damina, da taɓo da matsattsaku da zazzaɓi, sai a watan Agusta aka fitar da su. Wanda ke son ya ji ɗanɗanon wannan rayuwa, marubucin nan haifaffen Kafanchan, Biyi Bandele, ya yi littafi a kanta a 2007, Burma Boy, bisa labarun da ya ji daga mahaifinsa.

Namu na Gwalkwas kuwa wata hanyar suka bi. Birged ta 5, mai bataliya ta 5 da ta 7 da ta 8, tana cikin sauran runduna ta 81 da aka tura kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan tun ƙarshen 1943. Da adda da diga da shebur suka fasa hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 cikin duwatsu. Kayan da mota ba ta iya kaiwa, a ka aka ɗauke su, domin akwai dubban sojojin dako da yawancinsu ba a ba su bindiga ba. Abincinsu duka daga sama yake zuwa, ba a kuwa taɓa ciyar da runduna mai wannan girma haka ba kafin su. A watan Maris 1944 Japanawa suka mai da su baya daga wajen Kyauktaw, suka sake komawa bayan damina, a watan Janairu 1945 su da runduna ta 82 suka kama Myohaung. A cikinsu akwai Seth Anthony, baƙar fata na farko daga nan da ya sami muƙamin hafsa a sojan Ingila.

Yanzu sai mai karatu ya tambayi kansa: sau nawa ya ce wa mai tasi ya kai shi Kaladan, sau nawa ya je kallon ƙwallo a filin Kaladan, bai san sunan kogi ne a Bama ba? Na gwada tambayar samari biyar a wani shagon shayi, huɗu suka ce kalmar Dagbanci ce, na biyar ya ce sunan wani Bature ne. Haka Burma Camp a Ankara, wato Accra, haka barikin Myohaung a Takoradi. Sunayen wurare sun zauna daram. Na mutanen ne suka zube.

A nan ne abin yake ci mini rai. A ƙasar Ingila akwai wani ƙauye, Paulton, a yankin Somerset. Ranar 17 ga Satumba 1944 wata gilaida da ta nufi yaƙin Arnhem ta tarwatse a sama ta faɗi a gonakinsu, mutum 23 da ke ciki duk suka mutu. Ba 'yan garin ba ne, wucewa kawai suke yi. Duk da haka aka kafa musu dutsen tunawa a wurin a 1979, aka shekara da shekaru ana taruwa duk watan Satumba ana karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowane ƙauye a can yana da irin wannan dutse, wanda ya mutu a fagen fama da wanda ya mutu a wajen koyo duk jeri ɗaya. Ba ina cewa mu kwaikwayi gina duwatsu ba. Mu Musulmi kabarinmu ba ya son ado, kuma abin da mamaci ke bukata addu'a ce, wadda Baba bai taɓa fasawa ba. Amma addu'a ma da suna ake yin ta, sunan kuwa in mai riƙe da shi ya mutu, shi ke nan.

Ga kuma wata matsalar da Turawa suka bar mana. Idan mutum ya zo shiga soja, magatakarda ba ya tambayar sunan uba. Sai ya rubuta sunan yanka, ya liƙa masa sunan garinsu ko ƙabilarsu: Kano, Katsina, Sakkwato, Dagomba, Moshi, Frafra, Kanjarga, Wangara, Bazabarimi. Shi kansa mutumin da aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Farko, a ƙasar Togo cikin Agusta 1914, da Alhaji Grunshi aka san shi, wato sunan ƙabila ne ya zame masa na uba. Wasu ma da gangan suka ba da sunan ƙarya, don sun gudo ne daga gida. In ka buɗe jerin matattu sai ka ga suna ɗaya ya maimaitu sau biyar, sau goma. Abin da ke raba su kawai lambar soja.

Jerin kuwa yana nan. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana riƙe da shi, kowa na iya dubawa a intanet kyauta. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba, namu suna ciki. Akwai kaburburan 'yan Afirka ta Yamma a Chittagong da Maynamati, cikin Bangaladash ta yau. A Kirkee kuma, kusa da birnin Pune na Indiya, akwai wani bango da aka keɓe wa sojojin Afirka ta Yamma da ta Gabas kusan 200, waɗanda suka mutu a sassan Indiya da ba a yi yaƙi ba, kabarinsu kuma ya ɓace ko ya yi nisan da ba a iya kula da shi. Ranar da na karanta wannan bayani sai da na ajiye takardar na yi shiru. Kabari a gindin itace, a dajin da ba yaƙi: ai siffar abokin Baba ke nan.

Kada kuma a ɗauka hukumar nan ba ta da nata laifin. A 2021 wani kwamiti da ita da kanta ta kafa ya gano cewa a Yaƙin Duniya na Farko aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, adadin ma yana iya kaiwa 350,000. Sakataren tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa cikin Afrilu na shekarar ya ba da haƙuri. Waɗanda suka dawo da rai ma ba su ga daidai ba. Takardun da 'yan jarida suka tono a 2019 sun nuna cewa kuɗin sallama na farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane wata da ya yi yana aiki, na farabiti baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. Irin wannan ɓacin rai ne ya fitar da tsofaffin sojoji kan titi a Ankara ranar 28 ga Fabrairu 1948, suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar kuka, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Waɗannan uku kowane ɗan makaranta ya haddace su, ya kuma dace. Ina dai cewa ne da yawan waɗanda suka bi ƙurmin nan daga Yendi suka fito, da Bawku, da Navrongo, da Wa, da Salaga, da zangunan Kumasi da Tamale.

Masu ba da labarin da bakinsu sun kusa ƙarewa. A 2020, lokacin da Farabiti Joseph Hammond ya yi tattakin mil 14 cikin mako guda a Ankara don tara wa ma'aikatan lafiya da tsofaffin sojoji kuɗi, shekarunsa 95, shi kuwa yana cikin ƙananan yaran da suka je Bama. Abin da ya rage a gidajenmu shi ne adaka da ke ƙarƙashin gado. A ciki akan sami minda ta yi tsatsa, da hoton wani saurayi da jar dara, da ɗan littafin sallama mai ɗauke da lamba da bataliya da ranar shiga. Na san gidan da aka ba yara irin wannan littafi suka yi wasa da shi har ya yage, na san inda aka sayar wa mai gwangwan da mindodi. Don Allah duk wanda ke da irin wannan a gida ya sa a ɗauki hotonsa, ya rubuta sunan mutumin na gaskiya da na ubansa da na ƙauyensu a bayan hoton, tun akwai tsohuwar da za a tambaya.

Makon jiya na je Sabonjida gai da 'yar Baba ta fari, ita ma yanzu ta tsufa, jikoki sun kewaye ta. Ashe ba ta bar sadakar ba. Ta ce ranar da zai cika ya kama hannunta ya ce kada ta yar masa da abokinsa. Sunan yankan yaron ta sani, da sunan uwarsa, iyakarta ke nan, sunan kuwa irin wanda kowace unguwa akwai goma ne.

Na ce, "Hajiya, littafin sallamar Baba yana nan?"

Ta sa aka jawo adaka. Yana nan, cikin leda, an naɗe shi da tsohon ɗankwali. Ina cikin kwafar lambar sai ta ce, "Af, ka tuna mini. Yakan ce ranar da aka ɗauke su a Zariya layi ɗaya suka yi, abokin na gaba, shi yana bin sa. Wai har Saje yakan yi musu ba'a, ya ce lambarsu ma tagwaye ce."

Na rubuta lambar Baba, na rage ɗaya, na rubuta ta a ƙasanta. Jikanta mai babbar waya ya ce in an sauko daga Juma'a in zo, mu zauna mu bi jerin Kirkee tun daga sama.